Goggo Ungozoma da Shari'ar da Ta Ci Sau Biyu

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Goggona, yayar mahaifina, ta rasu wata Laraba da hantsi a gidanta da ke unguwar Sih a Madina. Aka sallace ta a Harami bayan La'asar, maza suka wuce da ita maƙabartar Baƙi'a, mu mata muka dawo gida muka yi shimfiɗa domin zaman makoki, wanda a nan muke kira aza.

Mun yi tanadin dangi ne da maƙwabta, sai ga falo ya cika, har mata suna zama a kan matakala. Akwai namu na Kano da Damagaram, akwai na Cadi da Sudan, akwai Larabawa da Buhariyawa 'yan asalin tsakiyar Asiya da ban taɓa ganinsu ba. Kowace ta shigo ta yi gaisuwar ta'aziyya ta ce, "Azzamallahu ajrakum," ta nemi gefe ta zauna. Wata doguwar mace mai Hausar Sudan ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Khala suke kiran Goggo, wato inna da Larabci.

Ta ce, "Ke ce 'yar ƙanen Khala? Ba ki san ni ba. Amma ba don Allah Ya haɗa ni da ita ba, da na riga ta shiga Baƙi'a da jimawa."

Ba kowa ne ya zo da irin wannan magana ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda suka tashi tare da Goggo, ta karɓi gahawa ta kurɓa, ta ce yadda kowa zai ji, "Allah Ya yafe mata abin da ta yi." Aka ce amin. Bayan ta fita, 'yata da ke jami'a ta matso ta tambaye ni da Larabci, kamar yadda suka saba ko da Hausa ka yi musu magana: "Mama, esh sawwat Sitti?" Wato me Kaka ta yi. A nan na gane cewa idan ban rubuta ba, maganar tsohuwar nan ce za ta tsaya a kunnen yaranmu.

An haifi Goggo a Madina. Iyayensu a ƙasa suka zo aikin Hajji ta Sudan, suka zauna ba su koma ba. Ta fara koyon karɓar haihuwa a wurin mahaifiyarta, wadda daya ce, wato ungozomar gida, daga baya ta yi karatun jinya ta yi aiki a asibitin haihuwa har ta yi ritaya. Gajeriya ce mai sauri, idan kana tafiya da ita a harabar Harami sai ka haɗa da sassarfa. Ba ta shan gahawa, shayi ne nata, da na'ana mai yawa. A ofis Larabci take yi tas kamar kowace 'yar Hijaz, amma in ranta ya ɓaci Hausar Damagaram ce ke fitowa, ko da wanda take yi wa faɗan ba ya ji. Kuma ta tsani raɗa. Mace ta zo tana gaya mata damuwarta ƙasa-ƙasa, sai ta ce, "Ɗaga muryarki, 'yata. Ciwo ne, ba sata kika yi ba."

Abin da ya sauya rayuwarta ya faru ina ƙarama. Suna da ƙanwa, autarsu, mai ciwon zuciya. Ta sami ciki, likitoci suka ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, gara a cire tun yana ƙarami. Mijinta ya ce shi ba zai sa hannu a kashe masa ɗa ba, a dogara ga Allah. Surukai suka goya masa baya, mahaifina ma bai ce komai ba. Cikin bai kai haihuwa ba ta rasu, da ita da abin da ke cikinta. Goggo ce ta yi mata wanka. Ba ta cika ba da labarin ba, amma in ya zo, magana ɗaya take maimaitawa: "An tambayi miji, an tambayi malam, an tambayi surukai. Ita da take kwance tana neman numfashi, babu wanda ya ce mata me kike so."

Daga nan ta shiga neman sani. Ta riƙa zama a darussan mata na Harami tana tambaya, ta je gidajen malamai, na mazhabarmu ta Malikiyya da na sauran, ta zauna bayan labule ta ce a faɗa mata gaskiya. Ta gano abin da yawancinmu ba mu sani ba: malamai da dama sun halatta cire ciki idan ran uwa yana cikin haɗari, kuma dokar ƙasa ta ba da hanya, ta hannun kwamitin likitoci da ake kira lajna, tare da yardar matar da sa hannun miji ko waliyyi. Hanyar tana nan, amma matanmu ba sa bin ta, saboda kunya da tsoro da rashin wanda zai raka su.

Ita ta zama mai rakiyar. Kowace Alhamis bayan La'asar mata kan taru a falonta. Takan gayyato wata likitar mata 'yar Najeriya da muke kira Daktora, ta yi bayani da Hausa, Goggo ta juya wa 'yan mata da Larabci. Idan aka sami mai ciwo, Goggo za ta sa abaya ta bi ta asibiti, ta zauna da ita har lajna ta yi hukunci, sannan ta je ta sami mijin. Ita da hannunta ba ta taɓa cire ciki ba, ba ta taɓa ba da ko ƙwaya ba. Ni a kantin magani nake aiki, kuma ta sha zuwa ta yi mini kashedi cewa duk ranar da na sayar da wani abu a ɓoye, ita za ta fara kai ƙarata. Masu jiƙe-jiƙe da ke sayar wa mata magani a asirce kuwa, ta fi tsanar su a kan mazan da ke ƙin sa hannu, domin ta ga abin da maganinsu ke yi.

Duk da haka suna ya bi ta. Aka fara ce mata mai zubar da ciki. Wasu gidaje suka daina kiran ta biki da suna, har gidajen da ita ta karɓi haihuwar masu gidan. Maganar ta kai masallacin unguwa, inda mahaifina ke sahun farko tun da ya bar tuƙin motar alhazai. Wata rana ya shigo gidanta ko zama bai yi ba, ina nan ina tankaɗe mata tsaki.

Ya ce, "Yaya, ki bar wannan abin. Ina shiga masallaci ana yin shiru. Sunan mahaifinmu kike ja a ƙasa."

Ta ce, "Zauna ka sha shayi."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Rai na Allah ne, ba naki ba."

"Ran autarmu fa, na waye? Kai kana tsaye a ƙofar ɗakin ran nan. Ka ji tana kiran ka, ka sunkuyar da kai."

Baba ya juya ya fita. Ya daɗe bai sake taka gidanta ba, ko da Sallah. Ita kuwa ba ta fasa aika masa dambu kowace Juma'a ba, ni ce mai kai wa. Ba ya cewa an gode, amma kwanon ba ya dawowa da komai.

Masu zaginta sun ɗauka duk ciki ne take so a cire. Ba su san labarin wata matar ɗinki 'yar Cadi ba, wadda lajna ta ba ta izini, mijinta ma ya yarda, ita kuma ta ce ba ta so. Ta ce ta ji haɗarin, ta fahimta, za ta riƙe cikinta. Daktora ta yi ta roƙon ta. Goggo ta zauna da ita ta maimaita mata komai ba tare da sassautawa ba, da ta ga matar ta tsaya a kan ra'ayinta sai ta ce, "Khalas, shi ke nan, kin faɗa, mun ji." Ta kwashe kayanta ta tare gidan matar a watannin ƙarshe, tana auna jininta, tana dafa mata abinci marar gishiri, tana kai ta awo. Allah Ya sauke ta lafiya, da kyar. Na tambayi Goggo ko ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Haushin me? Ni abin da nake nema a tambaye ta. An tambaye ta, ta amsa."

Akwai kuma wani mutum da ya zo neman ta lallashi matarsa ta cire ciki lafiyayye, wai shi bai shirya ba, ita kuma matar tana so. Goggo ta kore shi da Hausa har bakin titi, shi kuwa ko kalma ɗaya ba ya ji.

Shari'ar da ta sa sunanta ya zaga Madina ta taso ne daga unguwar Khalidiyya. Wata malamar makaranta ce, mai 'ya ɗaya, ƙodarta ta lalace. Ta sami ciki bayan dogon jira, tun a watannin farko jikinta ya kumbura, jininta ya hau, ganinta ya fara dishewa. Lajna ta zauna ta ce ci gaba da cikin na iya kashe ta. Malamar ta ce a cire, tana so ta rayu ta reni 'yarta. Mijin ya ƙi. Ba mugu ba ne, Goggo da kanta ta sha faɗar haka. Mutum ne da ya daɗe yana addu'ar ƙarin haihuwa, kuma ya yi imani cewa likitoci na zuzuta abu. Goggo ta je gidansa, ta je wurin aikinsa, ta kai masa wani malami, bai sauya ba.

Wata safiya malamar ta faɗi a kicin tana jijjiga. Aka kai ta asibiti, aka kira mijin, ya ce yana nan a kan bakansa, ya kashe waya. Goggo ta tari mota ta je shagon mahaifin matar, wani dattijo tela, ta ce masa, "'Yarka tana mutuwa, kuma ta faɗi abin da take so da bakinta. Taso." Ya rufe shago ya biyo ta, ya sa hannu a matsayin waliyyi. Likitoci suka yi aikinsu. Malamar ta rayu.

Ba a jima ba saƙon mahkama, wato kotu, ya shigo wayar Goggo. Mijin ya kai ƙarar Daktora a kan aikin, ya kai ƙarar Goggo a kan takhbib, wato zuga mace ta bijire wa mijinta. Laifi ne da kan kai mutum gidan yari. Dangi suka taru suka ce ta nemi sulhu, ta ba shi haƙuri, ta yi alkawarin rufe zaman Alhamis. Lauyan da muka ɗauka ma ya ce hakan ya fi sauƙi.

Ta ce, "Zan yi masa ta'aziyyar abin da ya rasa, domin ya yi rashi. Amma ba zan ba da haƙuri don matarsa tana raye ba. In na ba da, gobe wace ce za ta raka wata?"

Shari'ar ta ja. A ɗage yau, a ɗage gobe. Zaman Alhamis ya ragu, wasu mazan suka hana matansu zuwa. Goggo ta rame, ciwon gwiwa ya kama ta, amma ba ta taɓa fashin zama ba. A nan ƙasar ba a fita titi da kwalaye, kuma ita ba ta nemi kowa ya zo ba. Sai dai duk ranar zama, ɗakin jiran mata na mahkama sai ya cika. Mata ne cikin baƙaƙen abaya, suna zaune da carbi, ba sa ce wa kowa komai. Wani ma'aikaci ya taɓa tambayar ɗaya ko ƙara ta kawo, ta ce a'a, Khala suke jira.

Ranar da aka saurari malamar ina ciki, domin ni ke riƙe da Goggo. Alƙali, wanda ake kira Shaikh, ya tambaye ta ko wannan tsohuwa ce ta zuga ta. Malamar ta fara magana ƙasa-ƙasa, Goggo ta yi gyaran murya, sai malamar ta ɗaga muryarta.

Ta ce, "Ya Shaikh, ni na neme ta, ba ita ta neme ni ba. Tun kafin na san ta na gaya wa mijina ina tsoron mutuwa. Abin da ta yi, ta tambaye ni me nake so, ta ce in yi tunani, in yi istihara, ta dawo ta sake tambaya. Kuma ta ce kada in bar gidan mijina, kada in ɗaga masa murya."

Alƙali ya juya ga Goggo ya ce, "Ya Hajja, me ya shigar da ke tsakanin miji da mata?"

Ta miƙe ta dafa kafaɗata. Ta ce, "Allah Ya ƙara maka lafiya, ya Shaikh. Rayuwata duka karɓar haihuwa na yi, babu wanda ya fi ni son jin kukan jariri. Amma na wanke ƙanwata da hannuna, da cikinta a jikinta. Ban shiga tsakaninsa da matarsa ba. Tsakaninta da kabari na shiga, ta hanyar da malamai da doka suka buɗe. Idan wannan laifi ne, ka faɗa mini, in sani."

Alƙali ya yi rubutu, ya ɗage zama. A zama na gaba ya kori ƙarar. Ya ce babu takhbib a nuna wa marar lafiya haƙƙin da shari'a ta ba ta. Daktora ma aka wanke ta a nata ɓangaren. Mijin ya ɗaukaka ƙara, muka sake shiga jira, har hukunci ya fito cewa kotun sama ta tabbatar da na farko.

Ranar da muka je karɓar wannan hukunci, muna fitowa sai na hangi tsohuwar motar Baba a ƙarƙashin wata bishiya. Ashe duk ranar zama yana zuwa ya tsaya a nan, bai gaya wa kowa ba. Ya fito ya buɗe ƙofar gaba.

Ya ce, "Yaya, shigo, rana ta yi zafi."

Ta dube shi ta ce, "Ba ka jin kunyar a gan ka da ni?"

Ya ce, "Kunyar da ya kamata in ji, tun ranar auta ya kamata in ji ta." Ya juya yana gyara madubi. Ta shiga. Bai kai ta gida kai tsaye ba, sai da ya bi ta ƙofar masallacin unguwa lokacin da ake fitowa Azahar, ya rage gudu, ya sauke gilashi yana gaisa da mutane ɗaya bayan ɗaya. A gida kuwa mata sun riga mu, ana ta guɗa, an ɗora shinkafa da rago kamar ranar biki.

Ba komai ne ya yi daɗi ba. Auren malamar bai tsira ba, mijin ya sake ta bayan hukuncin, kuma wannan ya daɗe yana damun Goggo. Takan ce, "Na so su tsufa tare. A nan ban ci ba." Amma zaman Alhamis ya dawo, ya fi da cika. Maza suka fara kawo matansu da kansu suna jira a mota. Limamin unguwa, wanda a da yake kau da kai in ya gan ta, ya aiko a tambaye ta yadda ake zuwa gaban lajna, domin wata 'yar'uwarsa. 'Yan mata biyu daga cikin masu zuwa suka shiga karatun ungozoma, ɗaya ta shiga na lauya.

A shekararta ta ƙarshe ƙafafunta sun ƙi, sai a keken guragu. Wata rana aka bugo daga Badar cewa akwai matar wani manomin dabino, daga cikin namu, mai ciwon zuciya da ƙaramin ciki, kuma likitoci sun ce akwai haɗari. Muka ce Daktora za ta yi musu magana ta waya. Goggo ta ce a'a, miji ba ya jin magana ta waya. Baba ya ɗauko mota, na naɗe keken na sa a baya, muka kama hanya bayan Asuba. Duk tafiyar tana shirya abin da za ta faɗa, tana gwadawa da Hausa, tana gwadawa da Larabci.

Muka iske mijin a bakin gona yana jiran mu. Aka shigar da ita, aka kawo shayi. Ta gyara zama ta fara, "Ɗana, na zo ne a kan maganar matarka..."

Ya ce, "Ya Khala, ai na sa hannu tun shekaranjiya. Na tambaye ta, ta ce tana so ta rayu, muka je wurin malam, muka je asibiti. Jibi za a yi aikin."

Goggo ta dube shi. Ta ce, "Wa ya ce ka tambaye ta?"

Ya ce, "Ba kowa. Ai haka ake yi."

"To me ya sa kuka taso tsohuwa tun daga Madina?"

Matar ce ta amsa daga kan katifa. Ta ce, "Tsoro nake ji, Khala. Ina so ki riƙe hannuna ki yi mini addu'a."

Ta riƙe, ta yi, ta daɗe tana yi. Muka kama hanyar komowa har muka wuce duwatsu. Can sai ta yi dariya ita kaɗai, ta ce da Baba, "Ka ji shi? Wai ai haka ake yi." Ta jingina da kujera ta rufe ido, ta ce kada a tashe ta sai an ga koriyar ƙubbar Harami.

Wannan ce fitarta ta ƙarshe daga Madina. Matar Badar ta warke, tana gonarta.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka, maƙwabciyar Annabinka a raye da kuma a kwance. Ka yafe kurakuranta, Ka yalwata makwancinta, Ka haɗa ta da autarsu a gidan da babu ciwo. Mu kuma da ta bari, Ka ba mu ƙarfin tambaya da haƙurin sauraron amsa. Amin.